Rawar Hannun Sepiah

Kuala Lumpur, farkon Nuwamba

Zuwa ga maigidana, Abang Embong,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya kai da 'yarmu Lina, da fatan kuma gwiwar nan taka ta bar ka kana salla a tsaye. Ni dai na sauka lafiya. Ƙanwata Ramlah ce ta tarye ni a tasha, cikinta yana gaba tana biye da shi. An ce mata sai Fabrairu za ta haihu.

Ta yi ta miƙo min wayarta wai in kira ka, na ce a'a. Ka san halina. Muryar da ba na ganin bakin mai ita, na ji irinta har ta ishe ni. Takarda kuwa ba ta yi wa mutum raɗa a kunne. Sai dai ka yi haƙuri da rubutun, hannun ne yake zuwa inda ya ga dama.

Na ga likitar da asibitinmu ya turo ni wurinta, Likita Kwek. 'Yar ƙarama ce, in ta tsaya kusa da Lina sai ka ce ƙanwarta. Ta kira ciwona da sunansa na asibiti, sikizofireniya, ba ta ko rage murya ba kamar yadda ake yi a ƙauyenmu. Ta ce in miƙe hannuwana, suka yi ta rawarsu a gabanta ba kunya. Ta tambaye ni sana'ata. Na ce batik nake zanawa a da, wato zanen yadi da narkakken kakin zuma da rini, kafin magani ya kori muryoyin ya haɗa da hannuna ya tafi. Na gaya mata Lina za ta yi aure ƙarshen Fabrairu, kuma tun tana sakandare na sayi farin siliki na ajiye, da niyyar ni zan zana mata kayan da za ta sa ranar da za a kai ta gidan miji. Ta ce ba ta yi min alkawari ba, amma za mu duba.

Jiya aka ɗauki hoton farko. Ba irin hoton ƙashi ba ne. Allura suka yi min ta wani ruwa da yake bin jini ya je ya zauna a wasu wurare cikin ƙwaƙwalwa, yana fitar da ɗan haske da ido ba ya gani amma na'ura tana gani. Suka rufa min wani abu mai ɗumi a fuska don kada kai ya motsa, suka tura kaina cikin wani ƙaton zobe. Na fi awa guda a kwance, kuma a daidai lokacin ne hancina ya ga damar yin ƙaiƙayi. Wannan hoton na dofamin ne. Mako mai zuwa za a yi na serotonin. Likita ta ce su biyun 'yan aike ne a cikin kai.

Silikin yana ƙasan akwatina na gida. Kada kowa ya taɓa shi.

Matarka,
Sepiah

Marang, tsakiyar Nuwamba

Piah,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwa ta yi sauƙi, sai dai cikina ne bai yafe miki tafiyar nan ba. Lina ta dafa nasi dagang, shinkafar kwakwar nan, ranar Juma'a. Na ci, na yi wa yaron da zai aure ta addu'a.

Iskar damina ta fara, teku ta rufe, mun ja jirage tudu. Yanzu aikinmu zama a shagon shayin Pak Jusoh muna gyaran taru muna gyaran duniya. Na karanta musu wurin da kika yi maganar zoben nan. Pak Jusoh ya ce in tambaye ki, su Dofamin da Serotonin ɗin 'yan wane gari ne, kuma wa ya ba su izinin zama a kan matar mutum. Na ce masa in an sa kansa a na'urar, hoton zai fito fari fat kamar farantin da aka wanke.

Yanzu maganar gaskiya. Ban hana ki tafiya ba don na ga yadda kike kallon canting ɗinki, alƙalamin nan naki na zuba kaki, a jikin bango, kamar wadda aka raba da ɗa. Amma Piah, shekara shida ke nan muna zaune lafiya da maganin nan. Hannu mai rawa da ya san ni ya fi min hannu tsayayye da bai san ni ba. Su ɗauki hoto iya son ransu, su bar miki maganinki. Lina ma ta ce in gaya miki ko buhun shinkafa aka ɗinka mata za ta sa, ita dai ki dawo yadda kika tafi.

Siliki yana nan, ba wanda ya taɓa. Ki gaida Ramlah da mai gidanta.

Mijinki,
Embong

Kuala Lumpur, ƙarshen Nuwamba

Abang,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya, ina cin abinci, ina barci. Ka gaya wa Lina ruwan kwakwa ake sa wa shinkafar sau biyu, ba sau ɗaya ba. Ka gaya wa Pak Jusoh 'yan aiken nan a kansa ma suke haya, kuma ba su taɓa biyan shi ba.

Abang, na ga cikin kaina. Likita ta juyo min allon, ga shuɗi, ga kore, ga ɗan rawaya, kamar yadin da aka fara turawa a rini. Na tsaya kallon kalar har na manta nawa ne. Ta ce hoton ba ya nuna ciwon kansa, ba wanda zai duba ya ce wannan kan mai lafiya ne, wancan na maras lafiya. Abin da yake nunawa shi ne aikin da magani yake yi a ciki.

Bari in faɗa maka yadda na gane shi. Ka ɗauka ƙwaƙwalwa bakin gaɓarmu ce, da turakun da kuke ɗaure jirage. Dofamin shi ne jiragen da ke kawo saƙo. A irin ciwona jiragen sukan yi yawa a wani sashe, kowanne ya zo da labarinsa har da na ƙarya. Sai magani ya je ya tare turakun, jirage su rasa wurin ɗaurewa. In ya tare kamar bakwai cikin goma, muryoyi sukan yi shiru. In ya wuce takwas, har jiragen da ke kawo wa hannu saƙo ba sa samun wuri. Nawa ya kusa tare tara. Shi ya sa tsakiyar hoton ta yi duhu, wurin da ya kamata a ga haske biyu hagu da dama. Ruwan allurar bai sami turken da zai zauna ba.

Hoto na biyu kuwa, na serotonin, ya haska zagaye da kai gaba ɗaya. Wato maganina bai ko leƙa waɗancan turakun ba. Akwai wani magani da yake kama su, ya kuma sassauta wa na dofamin, kuma mutane da yawa hannunsu yakan lafa da shi.

Na ji abin da ka ce, na kwana biyu ina juya shi. Amma na amince. Za a daina tsohon maganin, sai dai ba lokaci guda ba. Ana rage shi ne ana ƙara sabon a hankali, kuma za su kwantar da ni a asibiti tsawon lokacin don su sa min ido. Ba ranar da zan zauna ba magani a jikina. Ba na jin tsoro ko kaɗan, kai ma kada ka ji.

Likita ta ba ni hoton a takarda. Na ce wa Ramlah zai yi kyau a jikin siliki, ta ce Lina ba za ta shiga gidan miji sanye da ƙwaƙwalwar uwarta ba.

Taka,
Sepiah

Marang, tsakiyar Disamba

Piah,

Muna raye, muna lafiya. Kogi ya cika ya shigo gari, ruwa ya kai tsanin gidanmu na sama, aka kwashe mu zuwa makarantar firamare. A nan nake rubuto miki, a kan bencin 'yan aji biyu. Silikinki na naɗe shi a leda na ɗaure a jikin rufi kafin mu fita.

Wasiƙarki ta zo a jiƙe, jakar mai kawo wasiƙu ta sha ruwa. Na shanya ta a kan murfin tukunya. Shafin farko na karanta, na jirage da turaku, na ma gane. Shafi na biyu kuwa tawada ta gudu. Abin da ya rage a jikinsa layi biyu ne: "Za a daina", sai "maganin", sai can ƙasa "Ba na jin tsoro ko kaɗan".

Piah, haka kika ce min wancan karon. Da waɗannan kalmomin. Kika ce kin warke, ba kya jin tsoro, kika zuba ƙwayoyin a bayan gida. Bayan wata biyu na same ki tsaye cikin kogi, ruwa har ƙirji, kina cewa marigayiya mahaifiyarki ce take kiranki daga ƙetare. Na kama ki kika dube ni kamar ɓarawo. Ba na son tuna miki, amma ni ban manta ba.

Wayata ta faɗa ruwa. Na ari ta wani malami na kira Ramlah, na ce da gaske ne an taɓa maganin? Ta ce e. Na ce ba ni ke. Ta ce ai an kwantar da ke a asibiti. Daga nan layi ya yanke, har yau bai dawo ba. Hanyar mota ma a rufe take, da tuni ina tsaye a kan likitar nan taki.

In takardar nan ta same ki kina gane rubutuna, don Allah ki karɓi maganinki ki sha. Ban gaya wa Lina ba.

Embong

Marang, ƙarshen Disamba

Piah,

Da fatan kina samun sauƙi. Mun koma gida, muna ta kwasar laka. Ban ji daga gare ki ba. Kullum ina zuwa gidan waya, har ma'aikacin ya fara girgiza min kai tun daga nesa.

Na yi wani abu, gara ki ji daga bakina. Na ɗauki silikin na kai wa Mek Nab, wadda kuka koyi zane tare, na ce ta zana wa Lina. Na san za ki yi fushi. Amma saboda yadin nan kika sa kanki a wannan hali, to na cire shi daga hanya. Yanzu ba abin da za ki yi wa gaggawa. Ki koma kan maganinki ki dawo gida, ki zauna kusa da ni ranar biki da hannunki mai rawa, in riƙe miki kofin shayi kamar yadda na saba.

An ce gada za ta buɗe wa manyan motoci mako mai zuwa. Ina nan tafe.

Embong

Kuala Lumpur, farkon Janairu

Abang Embong, mai karanta rabin wasiƙa ya yanke hukuncin shekara,

Ina lafiya. Ka sake karantawa: ina lafiya. Wasiƙunka biyu tare suka iso, Ramlah ta kawo min su asibiti ranar da za a sallame ni. Na karanta ta farko na yi kuka, na karanta ta biyu na tashi ina neman takalmina, sai da nas ta riƙe ni. Ramlah ta ce ta yi ta kiran lambar malamin nan ba ta shiga. Ni ma na rubuto maka sau biyu daga asibiti, ina jin suna can suna iyo a wani kogi.

Kada ka hau mota. Abin da ruwa ya cinye shi ne: canza maganin aka yi, ba dainawa ba. Kwanciyar asibiti kuma don a sa min ido ne, da ƙafata na shiga.

Amma tsoronka ba na banza ba ne, kuma ba zan ɓoye maka ba. A mako na biyu, wata rana da la'asar, ina zaune ina kallon taga, sai na ji an kira sunana daga bayan labule. Na duba, ba kowa. Aka sake kira, muryar nan dai da ka sani. Abang, a lokacin hannuna ya fara lafawa, ranar da safe na sa maɓallin rigata da kaina. Na san in na faɗa za a iya mayar da ni kan tsohon magani. Na zauna da abin a bakina har aka kira magariba. Sai na tashi na je wurin nas na ce, "A kira min Likita Kwek, baƙona ya dawo."

Ta zo ta zauna a bakin gadona. Na ce mata, "Shi ke nan, a mayar da ni." Ta ce, "Mak Cik Sepiah, ba mu kai nan ba. Mun sauke tsohon da sauri, sabon bai gama zama ba. Da kin yi shiru ne da mun kai." Ta ƙara sabon kaɗan. Muryar ta yi kwanaki tana nesa tana nesa, kamar rediyon maƙwabta, har ta ɗauke. Tun daga nan shiru.

Shekaranjiya aka sake hoton. Haske biyun nan sun fito a tsakiya, ba da ƙarfi ba, kamar fitilun jirgi biyu can cikin teku. Bakwai cikin goma, in ji likita. Na serotonin kuwa ya dushe, wato magani ya isa can. Na dubi allon na ce masa sannu da aiki.

Sabon maganin yana da nasa halin. Yana sa ni barci da rana, yana sa ni ci kamar mai aikin gini, za a riƙa auna min sukari da nauyi. Hannun ma bai dawo kamar na 'yar shekara ashirin ba, da yamma yakan ɗan yi rawa. Amma da safe nawa ne. Ramlah ta samo min kaki da aron canting, na ja layi a tsohon ƙyalle. Ga shi na sa maka a cikin ambulan, a cikin leda, tunda garinku ba a yarda da takarda ba. Ka dubi layin da kyau. Ka kuma dubi rubutun nan.

Yanzu ka sa hularka ka tafi gidan Mek Nab ka karɓo min silikina.

Matarka da ba ta huce ba tukuna,
Sepiah

Marang, tsakiyar Janairu

Piah,

Alhamdu lillahi. Muna lafiya. Na karanta wasiƙarki a tsaye a gidan waya, tun daga sama har ƙasa, sau biyu, ban tsallake ko ɗigo ba. Ma'aikacin ya ce Pak Embong lafiya? Na ce ƙura ce ta shiga idona. Ya ce a garin da ya yi wata guda cikin ruwa?

Na ɗora ƙyallen a kan teburin Pak Jusoh. Ya sa tabarau, ya ɗauko zaren taru ya ja a kan layin don ya kama ki da karkata, bai samu ba. Ya ba kowa shayi kyauta, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka kafa shagon.

Na je gidan Mek Nab kamar yadda kika umarta. Na tarar ta ɗaure silikin a katako, ta zana bakin ƙasa, ganye da reshe, tsawon yadin.  Na ce, "Mek, matata za ta kashe ni." Ta ce, "Da ta kyauta." Sai ta nuna min sauran, fari tas. Ta ce ta yi bakin ne kawai don in daina zuwa ina tsaya mata a ƙofa da fuskar maraya, amma furannin jiki ba za ta taɓa ba sai ta ji daga bakinki. Ta ce in gaya miki in bakin bai yi miki ba, ki zo ki faɗa mata a fuska.

Na gaya wa Lina komai. Ta yi fushi da ni kwana ɗaya don na ɓoye mata, ta yi kuka, sannan ta wanke tukunyar kakinki ta kakkaɓe ɗakin aikin.

Abin da kika yi ranar nan da la'asar, da kika je wurin nas, ban san yadda zan rubuta shi ba. Sai kin zo. Ki faɗa min ranar da motar za ta iso.

Mijinki,
Embong

Marang, farkon Maris

Zuwa ga ƙanwata Ramlah,

Assalamu alaikum, mai jego. Barka da arziki, Allah ya raya mana yarinya, ya ba ki lafiyar shayarwa. Ya jikin? Ni lafiya lau, ba na fashin magani, kaina shiru. Na ƙara ƙiba har Abang ya ce yanzu in na hau jirginsa sai ya zauna a ɗaya gefen. Tunda haihuwa ta hana ki zuwa biki, ga labari.

Na je gidan Mek Nab karɓar silikin da niyyar in yi mata tsiya, na tarar bakin ya yi kyau, na fasa. Ranar da na fara aiki na narka kaki, na ɗebo a canting, na tsaya a kan yadin na kasa saukewa. Abang yana bakin ƙofa yana yi kamar gyaran taru yake. Na ce masa, "Ko ka shigo ko ka tafi." Ya tafi, amma ina jin tarinsa a bayan taga. Na yi bismilla na sauke.

Daga asuba zuwa hantsi nake yi, da hannu ya fara magana sai in ajiye. Furannin sun fi waɗanda nake yi a da girma, don ƙananan sun fi ƙarfina yanzu. Mek Nab ta riƙa zuwa tana taya ni shafa kala, muna faɗa a kan ja da ruwan hoda kamar muna 'yan mata. Tela ya karɓa ana saura mako guda, yana ta mita.

Ranar kai amarya Lina ta fito a cikinsa. Ramlah, ban iya kwatanta miki ba. Ubanta ya dube ta, ya dube ni, ya fita wai zai duba motoci, alhali motocin suna gabansa.

A gidan angon, bayan an ci abinci, uwar mijin ta zo ta zauna kusa da ni. Tun da aka fara maganar auren nan take gaishe ni daga nesa, da irin muryar da ake gaida maras lafiya. Ta kama gefen rigar Lina tana murzawa, ta ce, "Wai da gaske ke kika yi?" Na ce ni ce, ban da bakin ƙasa. Ta rage murya ta ce ta ji an ce na je birni an duba kaina. Na ce mata ƙwarai, sau huɗu ma, da kala, in tana so in kawo mata ta gani. Sai ta fashe da dariya har ta riƙe hannuna. Can ta ce ko zan yi mata irinsa kafin Salla, shuɗi take so.

Na ce mata zan yi, amma sai ta bi layi, don tun kafin a sauke tukwane mata uku sun riga ta.

Ki shafa min kan jaririya. Zanen goyonta yana kan katako, shi ba ya bin layi.

Yayarki,
Sepiah